Yadda Ake Bin Sawun Sunan Gida Har a Gano Harshen da Ya Fito

Tun ranar da na ba da labarin yadda na gano asalin sunan gidanmu ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a bakin Kasuwar Wunti ta Bauchi, wata baiwar Allah ta kira daga Kumo, wani ɗalibi daga Azare ya turo sunan kakansa ya ce in fassara masa kafin la'asar. Amsata ga kowa ɗaya ce: sunan gida ba ya fassaruwa daga nesa, sai an bi sawunsa, kuma mai sunan ne ya fi dacewa da aikin, domin shi tsofaffin gidan za su buɗe wa baki. Ga tsarin da na bi. Ina roƙon ka bi shi a jere, saboda yawancin waɗanda suka ɓata hanya da ƙamus suka fara, alhali ƙamus mataki na 6 ne.

Sunan da nake nufi shi ne na ƙarshe a takardunka, wanda kai da 'yan uwanka da 'ya'yan baffanninka kuke amsawa gaba ɗaya. Namu Kura ne. Na tashi ina jin cewa kakan babanmu gardi ne mai wasa da kura, kuma na shekara fiye da 30 ban taɓa tambayar kowa ko haka ne ba. Zan riƙa komawa kansa don misali.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Littafin rubutu mai kauri, biro biyu, waya mai ɗaukar murya wadda ba ta cika ba, da batirin caji na hannu, don ba lallai ka sami wuta a ƙauye ba. Ka sa allon rubutun Hausa a wayar, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, tun kafin ka fita.

Kuɗin da za su tafi su ne na mota zuwa garinku da garin kakanni, da na gaisuwa. Ƙwaryar goro ɗaya, wato guda 100, za ta zagaya maka gidaje da dama idan ka iya rabo. Tsofaffi mata sun fi murna da sabulu da sukari da ɗan turare. Kashewa mai nauyi ita ce tafiya Kaduna a mataki na 7, kuma mutane da yawa ba za su buƙace ta ba. Ka ware wata 2 zuwa 3. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan girbi ko kwanakin Sallah, sa'ad da dangi ke gida. Da damina manomi ba shi da lokacin hira.

1. Tattaro duk inda aka rubuta sunan

Ka kwashe takardun gida: shaidar firamare ta babanka, katin fansho, takardar sallama daga soja ko ɗan sanda, tsohon fasfon aikin hajji, takardar gona, rasidin haraji ko jangali idan Allah ya sa akwai. Kada ka manta da akwatin littattafan malamin gidan. Malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko a takardar da aka soke cikin gafaka. Kowace siga ka gani ka kwafe ta yadda take, ka rubuta shekara a gefenta. Kada ka gyara komai.

Hattara: rubutun boko shi ne shaidar da ta fi rauni. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, kuma haruffa masu ƙugiya ba su zauna a rubutun Hausa ba sai a shekarun 1930. Har yau a ofisoshi da yawa ba a rubuta su a kwamfuta. Shi ya sa Ɓalewa ya koma Balewa, Giɗaɗo ya koma Gidado, Ciroma ya koma Chiroma. Dubi namu. Haruffa huɗun nan, K-u-r-a, suna iya zama dabbar dawa, suna iya zama ƙurar hanya, suna iya zama garin Kura na ƙasar Kano, suna kuma iya zama wata kalma da ba ta Hausa ba sam. Idan ka dace da sunan a ajami ka riƙe shi da kyau, domin ajami kan nuna dogon wasali, sau da yawa kuma yana raba k da ƙ.

2. Nemo mutum na farko da ya amsa sunan

A ƙasarmu ba a gadon suna kamar yadda Turawa ke yi. Mutum da sunansa ne, sai a jingina shi da mahaifinsa, ko garinsa, ko sana'arsa. Makarantar boko da aikin soja da aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, su suka buƙaci suna na biyu a rajista, daga baya katin ɗan ƙasa da lambar banki suka daskarar da shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ya ɗauka, sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala. Sa'adu Zungur ma sunan gari ne a ƙarshen sunansa, haka Shehu Shagari, haka Aminu Kano. A Gombe, Pantami unguwa ce.

Ma'anar wannan a aikace ita ce sunan gidanku yana da mafari kusa, galibi kaka ko kakan uba. Ka ja layi a littafinka: ni ɗan wane, ɗan wane, ɗan wane, har ka kai wanda aka fara kira da sunan. Daga nan tambayarka ta sauya. Ka daina cewa mene ne ma'anar sunan nan, ka koma cewa me ya sa aka kira wannan mutumin da shi, wa ya fara kiransa, kuma da wane harshe ake magana a gidan a lokacin.

Hattara: ka tabbatar mai sunan kakanku ne na jini. Yara da yawa an sa su makaranta da sunan baffan da ya riƙe su, ko na mai unguwa, ko na hakimin da ya kai su. Idan haka ta faru a gidanku aikin bai lalace ba, amma ka sani sunan marikin kake bi.

3. Zauna da tsofaffi

Nan ne aikin yake, kuma nan ake yawan ɓata shi da gaggawa.

Kada ka fara da tambaya. Ka gaisa, ka ajiye goronka, ka tambayi jiki da gona da jikoki. Idan malami ne, "Allah ya gafarta Malam, wata 'yar tambaya ce ta kawo ni a kan magabata." Idan mai sarauta ne, "Ranka ya daɗe" tana gaba da komai. Ka nemi izini kafin ka kunna waya, ka ajiye ta a tabarma inda kowa ke gani. Idan gidan da ba ka shiga ne, ka tafi da yayarka ko matarka ta yi tambayar a ciki.

Abin da ya fi kayar da masu wannan bincike shi ne alkunya. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukinta, ba ta kama na ɗanta na fari, a gidajen Fulani kuma abin ya fi tsanani. Kakata ta wajen uba ta fi kowa sanin labarin gidanmu, amma mai sunan surukinta ne, har ta koma ga Allah "Malam Babba" take ce masa. Da na matsa mata sai ta ja mayafi ta ce in je in ci abinci. Kada ka matsa wa irin wannan. Ka tambaye ta labarin mutumin, sunan kuwa ka nemi wanda bakinsa ke sake: ƙanwarsa, abokin wasansa, jikan maƙwabcinsa, wanzamin gidan, ko maroƙin da ya gaji yi wa gidan kirari.

Ni a wani ƙauye na wajen Gamawa na sami tawa, ƙanwar kakana, 'yar autar mai sunan. Da yake akwai wasa tsakanina da ita, na sami damar shiga kai tsaye. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa a faifai, na ce:

"Iya, wai da gaske ne babanku kura yake ja a kasuwa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya gaya maka wannan? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan buzu?"

"To me ya sa ake ce masa Kura?"

"Ba haka ake faɗa ba, kai ma ka ja shi kamar 'yan birni." Sai ta faɗe shi a gajarce, wasulan biyu duk a datse kamar an tsinke zare. "Su biyu ne masu suna ɗaya a gidan, shi da ɗan ƙanen babansa. Shi ne Kura, wancan Gana. Uwarsu ce ta raba su haka, ita ba ta jin Hausa sosai."

A cikin minti biyu ta ba ni abu uku da babu takardar da ta ba ni: lafazin asali, abokin sunan, da harshen wadda ta raɗa shi. Waɗannan ukun su za ka nema a kowane zama. Ka sa a faɗi sunan aƙalla sau 3, a cikin magana, ba shi kaɗai ba. Ka tambayi sunayen 'yan uwan mai sunan duka, maza da mata, domin suna ɗaya na iya ruɗin ka amma jerin sunayen gida ɗaya ba ya ɓoye harshensa. Ka nemi kirarinsa ko taken da ake yi masa, don kirari na riƙe tsohon lafazi bayan bakin mutane ya sauya. Ka tambayi irin tsagar fuskarsa, da waɗanda gidanku ke wasan barkwanci da su. Gidan da ke wasa da Fulani tun kaka da kakanni, alal misali, akwai alamar Barebari a tare da shi.

Hattara, kuma wannan gargaɗi kashi uku ne. Na farko, kada ka kai wa tsoho amsa a baki. Ni na yi wannan kuskuren da tambayata ta farko, Allah ya sa Iya ba mai biye wa mutum ba ce. Wani tsohon don kara zai ce maka "haka ne" ya sallame ka. Na biyu, ka tambayi mutum 3 daban-daban, kowa shi kaɗai. A taro, da babba ya yi magana sauran sun yi shiru. Na uku, wani sunan na taɓo abin da gida ba ya son a tono, kamar bauta, ko gudun hijira bayan rigimar sarauta, ko addinin da aka bari. Idan ka ga fuska ta sauya, ka kashe waya, ka sauya hira. Zumunci ya fi binciken daraja, kuma sau da yawa wanda ya yi shiru yau shi zai aiko a kira ka bayan wata guda.

4. Raba sunan gida-gida

Kafin ka tambayi harshe, ka san irin sunan. Ko dai sunan yanka ne, ko alkunyar da ta maye gurbinsa, kamar Garba ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Shehu ga Usman, Maitama ga Yusufu. Ko laƙabin yanayin haihuwa, kamar Tanko da ya biyo mata, Gambo da ya biyo tagwaye, Audi da mahaifinsa ya rasu yana ciki, Cindo mai yatsa 6. Ko na rana, Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗanjuma, Balarabe da ake taƙaitawa Bala. Ko sarauta, ko sana'a, ko gari da unguwa. Amsoshin mataki na 3 sun isa su nuna maka gidan da naku yake.

Hattara da "Ɗan". Yana jingina mutum ga uba, ga gari, ga rana, yana shiga sunan sarauta kamar Ɗan Iya da Ɗan Galadima, yana kuma nuna ƙanƙanta. Sai ka san wanne ne kafin ka taɓa kalmar da ke bayansa.

5. Saurari sigar sunan

Kowane harshe na barin tambarinsa a jikin suna. A Bauchi da Gombe ƙofofi biyar za ka ƙwanƙwasa.

Larabci ya fi sauƙin ganewa idan ka san yadda bakin Bahaushe ke sarrafa shi. Harafin da Larabawa ke furtawa da harshe tsakanin haƙora ya koma s, shi ya ba mu Usman da Sani da Salisu da Saminu. Mai kartar maƙogwaro ya koma h, kamar Halidu da Hamisu. Harafin lodi (ض) kuwa ya koma l: Murtala, Ramalan, Alƙali. Sannan "al" ta farkon kalma kan manne ta bar l kaɗai, shi ne Lawal da Liman da Ladan. Idan sunan ya faɗa jerin Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu har Ashiru, lissafi ne na Larabci daga 2 zuwa 10, galibi na masu suna Muhammadu a gida ɗaya. A gidajen Kirista na Bogoro da Dass da Billiri da Kaltungo za ka ji Bulus, Bitrus, Yohanna, Istifanus. Waɗannan sigogi ne da suka bazu ta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala bugawa a 1932.

Fulatanci ka saurari ƙarshen kalma: -ɗo, -jo, -o ga mutum, -re, -ri, -el ga wasu abubuwa. Giɗaɗo abin ƙauna ne, Barkinɗo mai albarka, Lamiɗo sarki, Arɗo jagoran ruga, Jauro mai gari, Boɗejo ja, Danejo fari. Dikko ɗan fari ne, Sambo mai bi masa, Yero da Pate su ma sunayen jerin haihuwa ne. Wanda ya kafa masarautar Gombe, Buba Yero, sunansa Abubakar, Buba kuwa yadda Fulani ke taƙaita shi ne. Jama'are kalmar Larabci ce, jama'a, aka ɗaura mata wutsiyar Fulatanci. Modibbo ma daga Larabci ya shigo ya zama ɗan gida.

Barbarci, wato Kanuri, yana da ƙarfi a Katagum da Misau da Gamawa da Dambam, har cikin garin Gombe. Bukar shi ne Abubakar, Modu Muhammadu, Falmata da Fanna Fatima. Wutsiyar -ma na nuna mai abu, kamar Bulama mai gari. Wutsiyar -mi na nufin ɗan wance, shi ne Fannami da Aisami, inda ake jingina ɗa ga uwarsa. Gana ƙarami, Kura babba. Ka ga inda namu ya faɗo. Manyan sarautu irin su Galadima, Ciroma, Yarima, Kacalla, Zanna da Maina duk daga Barno suka zo.

Hausa ita ma tana da alamunta: Mai- da Na- da Ba- a farko, Ma- ta sana'a kamar Maƙeri da Majemi da Marini, da -au a ƙarshe kamar Nomau, Shekarau, Jatau, Sallau.

Ƙofa ta biyar ita ce aka fi mantawa, kuma a ganina a nan jihohin ita ya kamata a fara tunawa idan suna ya ƙi fassaruwa: harsunan ƙasa. Geranci, Jaranci, Sayanci, Warjanci, Bolanci, Tangale, Tera, Waja, Tula, Jukun na Pindiga, da sauransu da yawa. Yakubu da ya kafa birnin Bauchi a 1809 Bageri ne. Gidaje masu yawa da yau ba sa jin komai sai Hausa, kakanninsu da ɗayan waɗannan harsuna suka yi mafarki. Suna da sautukan da Hausa ba ta da su, sai magatakarda ya rubuta abin da ya fi kusa da kunnensa. Mutanen Tera na kiran kansu Nyimatli, a bakin maƙwabta ya zama Yamaltu. Idan sunan ƙabila guda ya sauya haka, ka ƙiyasta abin da zai sami sunan mutum ɗaya a rajistar makaranta.

Hattara da kamannin sauti, shi ne babban ramin wannan mataki. Malam Zaki da ya kafa Katagum, wanda bai sani ba zai ce don jarumta aka kira shi da sunan manyan dawa. Laƙabinsa Zakiyul Ƙalbi ne, Larabci, mai tsarkin zuciya. Manga a Fulatanci babba ne, amma Mangawa kuma wani reshe ne na Barebari, don haka gida biyu na iya amsa Manga ba tare da sun haɗa komai ba. Duk fassarar da ta zo maka da sauƙi kuma ta yi maka daɗi, ka ƙara tuhumarta.

6. Yanzu ka buɗe ƙamus, sannan ka kai wa masu harshen

Na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet kyauta, kuma ya adana tsofaffin kalmomi da laƙabai da yawa da aka daina ji. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na Fulatanci akwai na Taylor na 1932, na Kanuri akwai na Cyffer da Hutchison na 1990, na Bolanci akwai wanda Alhaji Maina Gimba ya yi tare da Russell Schuh. Ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejojin ilimi, irin ta Aminu Saleh da ke Azare, nan ne wurin nema, kuma malaman sashen Hausa kan taimaka idan ka je da ladabi da tambaya tsayayya.

Hattara wajen duba Fulatanci: baƙin farko na kalma yana sauyawa, kamar Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe. Idan ka nemi Giɗaɗo a ƙarƙashin g kaɗai kana iya fitowa hannu wofi, domin saiwarsa yiɗ- ce. Boɗejo na komawa ga woɗ-, Danejo ga ran-. Ka gwada p da f, b da w, d da r, g da y ko w, k da h, c da s.

Abin da ƙamus ya ba ka zato ne har sai mai harshen ya tabbatar. Ka nemi dattawa 2 da suka sha harshen a nono, ba waɗanda suka koya a kasuwa ba, kuma daga yankin da kakanku ya fito, don Fulatancin Dukku da na Adamawa ba su zama ɗaya a komai ba. Kada ka nuna musu rubutu. Kunna musu muryar da ka ɗauka, ka ce, "Baba, idan ka ji an kira mutum haka, me ka fahimta?" Ni wani dattijo mai sayar da hula na kunna wa muryar Iya. Kafin ta rufe baki ya ce, "Ai wannan namu ne. Ina Ganan?" Ban gaya masa akwai wani Gana ba. Irin wannan shaidar kake nema, wadda ta zo da abin da ba ka sa mata a baki ba.

7. Fada da gidan adana takardu, idan da buƙata

Wannan na waɗanda sunansu sarauta ne ko gari. Idan sarauta ce, ka bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kada ka tsallake. A fada akwai waɗanda suka haddace jerin masu riƙe da kowace sarauta. Ka sani cewa wasu sarautun, irin Shamaki da Kacalla, a wasu masarautu na bayin sarki ne, a wasu kuma ba haka ba, don haka ka tambayi yadda take a masarautarku kafin ka yanke hukunci.

Idan abin ya kai ga takarda, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin Lardin Bauchi, wanda ya haɗa da Gombe, ciki har da rahotannin kimanta haraji da Turawan mulki suka rubuta gunduma-gunduma, masu ɗauke da sunayen garuruwa da dagatai da ƙabilu. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, shi ma yana Kaduna. Ka tanadi kuɗin mota da masauki na kwana 2 ko 3 da kuɗin kwafi, ka tafi da katin shaida, kuma ka sa wani ya tambayo maka ka'idar shiga kafin ka tashi.

Hattara da sunayen da suka yi ƙaura. Idan an ce kakanku "daga Gombe" ya zo kafin 1913, Gombe Abba ake nufi. A shekarar aka mayar da hedikwata Nafada, sai a 1919 ta dawo Doma, inda garin Gombe yake yau. Haka Katagum: fadar ta koma Azare a 1916. Kuma ƙasar Katagum da Misau da Jama'are na ƙarƙashin Lardin Kano ne har 1926, don haka takardun da suka girmi wannan shekara a fayilolin Kano za ka neme su. Sannan ka gwada kowace irin rubutawa, domin Bature ɗaya kan rubuta suna ɗaya iri biyu a shafi guda.

8. Auna abin da ka samu, ka rubuta

Ka raba shafi uku. A na farko ka sa abin da shaidu biyu da ba su haɗu ba suka yarda a kai. A na biyu abin da ake faɗa a gida amma ba ka sami mai ƙarfafa shi ba. A na uku zatonka. Kada ka bar abu ya tsallaka daga shafi zuwa shafi don kawai kana son sa. Kusan kowane gida na da labarin fitowa daga Gabas, Yamal ko Misira ko Makka. Ka rubuta shi da mutunci a shafi na biyu, tare da sunan wanda ya faɗa maka da ranar.

Hattara ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a wurina: harshen suna daban, asalin jini daban. Sunan garin Tafawa Ɓalewa an fi bayyana shi da kalmomin Fulatanci biyu masu nufin baƙin dutse, amma mahaifin Firayim Ministan Bageri ne. Yakubu Dogara, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, ɗan Bogoro ne, sunansa kuwa kalmar Hausa ce tsantsa. Galadiman da ke kowace masarauta ba Babarbare ba ne don sarautarsa ta fito Barno. A namu gidan abin da na tabbatar shi ne kalmar ta Barbarci ce kuma matar da ta raɗa ta Babarbariya ce. Asalin mijinta yana shafi na biyu har yanzu. Don haka kada ka ɗauki fassarar suna ka shiga da ita rigimar gona ko ta sarauta ko ta wane ne ɗan ƙasa. Ba a yi ta don ɗaukar wannan kaya ba, kuma mun ga abin da irin wannan gardama ta jawo a yankinmu.

Kuma kada zumuɗi ya sa ka je gyara rubutun sunan a takardu. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da lambar banki da takardar jarrabawa, ka shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, wataƙila yaranka su tarar da matsalar ranar neman gurbin karatu. Ka bar takardu yadda suke. Sigar asali, da ƙugiyarta da bayanin lafazinta, ta zauna a littafin gida.

Ka yi kwafin littafin ka ba babban gidan ɗaya, ka ba wata daga cikin mata ɗaya, don su ne ke riƙe da labari idan maza sun watse neman abinci. Muryoyin kuma ka sa wa kowace suna da wuri da kwanan wata, ka adana su a wuri biyu, ɗaya ba a wayarka ba. Ka koma ka karanta wa tsofaffin da suka ba ka labarin abin da ka rubuta tun suna raye. Da na karanta wa Iya nawa ta gyara mini wuri biyu, ta kuma ƙara sunan wata yayarsu da kowa ya manta, Ya Gana, wadda aka aurar Misau.